Malamin lekol mai gina birane da kwali

A ƙauyuka, yara kan haɗa mota da karan dawa da gwangwani. Manya su ce wasa ne. To, a ƙasar Kongo, wadda a da ake kira Zayir, irin wannan aiki ya kai wani mutum har manyan gidajen nuni na duniya.

Sunansa Bodys Isek Kingelez. An haife shi a 1948, a ƙauyen Kimbembele Ihunga. A 1970 ya zo Kinshasa, babban birnin ƙasar, ya yi karatu, ya zama mushen lekol. Bai taɓa shiga makarantar zane ba.

Kayan aikinsa ba su da tsada: kwali, takarda mai launi, roba, gwangwanin lemo, murfin kwalba. Da almakashi da reza yake yankawa, ya liƙa da danƙo, ya shafa launi, sai ga ɗan ƙaramin bene da za a iya ɗorawa bisa tebur. Mai zane da fenti kaɗai yake aiki, masassaƙi da icce kaɗai. Shi kuwa gauraya kaya iri-iri yake yi cikin abu guda.

A 1978 ya kai wani gininsa gidan ajiyar kayan tarihi na Kinshasa. Ma'aikatan gidan suka duba, suka ƙi yarda hannunsa ne ya yi. Suka ce ya sake wani a gabansu. Ya zauna ya yi, suna kallo. Nan gardama ta ƙare, har suka ɗauke shi aikin gyaran tsofaffin kayan gargajiya.

Duk da haka, a waje ba a san shi ba, sai da wani Bafaranshe, André Magnin, ya zo yawon neman masu fasaha a Afirka. A 1989 aka baje gine-ginen Kingelez a Paris, wurin wani babban nuni da ya tara masu fasaha wajen 100 daga ko'ina. Daga nan masu saye suka fara nemansa.

A 1994 ya gina ƙauyensu da kwali. Amma bai yi shi yadda yake ba: ya sa masa dogayen benaye da manyan hanyoyi, yadda yake fatan ƙauyen ya zama.

Ya rasu a Kinshasa a 2015. Nunin da babban gidan MoMA na birnin Niyu Yok, a Amurka, ya keɓe masa shi kaɗai, sai a 2018 aka buɗe shi.