Shin Ko Kun San? Yadda Ake Raya Tsohuwar Furosesa 6502 Cikin Manhaja

Shin ko kun san a shekarar 1975 kamfanin MOS Technology na Amurka ya fito da furosesa mai suna 6502 a kan dala 25 kacal? Ita ke tafiyar da kwamfutocin Apple II da BBC Micro, danginta kuma na cikin Commodore 64 da na'urorin wasa na Atari 2600 da Nintendo NES.

• Manhajar da ke kwaikwayon irin wannan furosesa ana kiranta emuleta. Aikinta zagaye ɗaya ne: ta ɗauko umarni daga memori, ta gane shi, ta aiwatar, ta koma ta ɗauko na gaba.

• Iyakar memorin da 6502 ke iya gani gurabe 65,536 ne, kowane gurbi na riƙe lamba ɗaya daga 0 zuwa 255. Don haka mai rubuta emuleta kan fara da tanadar jerin guraben.

• Ba kowane gurbi ne wurin ajiya ba. A Commodore 64, duk lambar da aka zuba a adireshi 53280 sai ta sauya launin gefen allo. A NES kuwa, memorin aiki bayit 2,048 ne, amma yana bayyana a wurare huɗu, tamkar ɗaki ɗaya mai ƙofa huɗu.

• Daga lambobin umarni 256, guda 151 kawai kamfanin ya rubuta a littafinsa. Wasu daga cikin sauran 105 ɗin suna aiki duk da haka, kuma wasu masu shirya wasanni sun ci moriyarsu. Emuletar da ta yi watsi da su, waɗannan wasannin ba za su yi aiki daidai a kanta ba.

• Har kuskure ma sai an kwaikwaya! Idan umarnin tsallake na JMP ya je ɗauko adireshi daga gurbin ƙarshe na shafin memori, sai ya karanta rabinsa na biyu daga farkon wannan shafin, maimakon shafi na gaba. An gyara haka a furosesa 65C02 da ta biyo bayanta, amma mai kwaikwayon ta asali dole ya bar kuskuren yadda yake.

• Lokaci ma lissafa shi ake yi. Atari 2600 memorin aiki na bayit 128 kawai gare ta, ba ta da wurin ajiye hoton allo. Layi-layi ake zana shi, bugun agogo 76 a kowane layi, kuma kuskuren bugu kaɗan na iya karkata hoton.

• Sana'ar ta daɗe. A 1975 Paul Allen ya rubuta emuletar furosesa Intel 8080 a kan kwamfutar PDP-10 ta Jami'ar Harvard. A kanta shi da Bill Gates da Monte Davidoff suka gina Altair BASIC, hajar Microsoft ta farko, alhali ba su da na'urar Altair, mai amfani da wannan furosesa, a hannu.