Ruwan da Muke Ƙyama da Wanda Muke Ci a Latas

Ka ce wa mutumin Kakuri ko Sabon Tasha a Kaduna akwai garin da ake tace ruwan masai a mayar da shi famfo, sai ya yamutsa fuska ya ce, "Allah Ya kiyaye, najasa ai najasa ce." Garin kuwa yana nan. Windhoek, babban birnin Namibiya, tun 1968 yake shan irin wannan ruwa. Ta fuskar tsarki ma, a 1978 Majalisar Manyan Malaman Saudiyya ta ba da fatawa cewa in an tace ruwan sarai, launi da wari da ɗanɗanon ƙazanta suka gushe, ya halatta a yi alwala da shi, har a sha in ba ya cutarwa.

Masu cewa ruwan famfon Kaduna irinsa ne kuwa, shaci-faɗi suke yi. Daga Kogin Kaduna ake jawo shi a tace.

Abin tsoron ba a cika zancensa ba. Je ka bakin magudanun Kakuri da Makera da rani, inda dattin gidaje da na masana'antu ke gangarawa kogi. Ruwan baƙi ƙirin, ga kumfa, ga injin ban-ruwa yana tatata yana zuƙarsa zuwa lambun latas da alayyafo. Wannan babu wanda ya tace shi, kuma mu ne masu sayen ganyen muna yaba kyansa. "Ai wuta na kashe komai," in ji wasu. Tana kashe ƙwayoyin cuta, gaskiya ne, amma ba ta cire dalma da ire-irenta, balle latas da ɗanye ake ci.

Wani abin da ake ƙyama ba da hujja ba shi ne masai mai cin ruwa kaɗan, da ake cewa wari gare shi. Kwanon roba irin SATO yana da marfi a ƙasa da ke rufe kansa, ya tare wari da ƙuda, kuma ruwan da bai kai lita 1 ba ya wadace shi. Tsohon tankin bayi mai cin lita 9, jarkar ɗan garuwa mai lita 25 ba ta kai shi zagaye uku. Inda masu ƙorafi ke da hujja shi ne ramin: ana so ya nisanci rijiya da kamar mita 30, abin da filayen Narayi masu matsi ba kasafai suke bari ba.