Tasirin Matsi a kan Laka Mai Rai wajen Tace Ƙazamin Ruwa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda matsi yake sauya ɗabi'ar lakar da ake tace ƙazamin ruwan birane da ita. Za a nuna cewa yadda aka saki matsi yana da tasiri a kan lakar daidai da matsin kansa.

2.0 Ma'anar Laka Mai Rai

Kalmar "laka" a nan tana nufin tarin bakteriya da sauran ƙananan halittu masu cinye dauɗar da ke cikin ruwa idan an hura musu iska. Edward Ardern da William Lockett ne suka bayyana wannan dabara a birnin Mancesta na Ingila a shekarar 1914. Ƙwayoyin sukan manne wa juna da wani yauƙi da suke fitarwa, su zama gudaji. Idan ruwan ya natsu, gudajin sukan kwanta kamar yadda gasara take kwanciya a ƙasan ƙwarya, sannan a tsiyaye ruwa mai haske daga sama. Idan kuwa lakar ta ƙi kwanciya, za ta bi ruwan zuwa kogi, an yi ba a yi ba ke nan.

3.0 Matsi da Narkewar Iska

A shekarar 1803 William Henry ya nuna cewa gwargwadon ƙaruwar matsi, gwargwadon yawan iskar da ke narkewa a cikin ruwa. A zafin digiri 20 na ma'aunin Salshiyas, lita ɗaya ta ruwa a gaɓar teku takan ɗauki kimanin miligiram 9 na oksijin. A Jos, mai tudun kusan mita 1,200, matsin iskar sarari ya gaza na Legas da kusan kashi 13 cikin 100, don haka ruwa mai zafi iri ɗaya ba ya ɗaukar oksijin a can kamar yadda yake ɗauka a Legas.

Haka kuma, kowane zurfin mita 10 a cikin ruwa yana ƙara matsi daidai da na iskar sarari sau ɗaya. Bisa wannan ne kamfanin ICI na Ingila ya ƙirƙiro matata mai siffar rijiya a shekarun 1970, wadda zurfinta kan kai mita 50 zuwa 150. A ƙasanta oksijin yakan wadata har ya ratsa cikin gudaji, ƙwayoyin su cinye dauɗa da sauri a ɗan ƙaramin fili.

4.0 Sakin Matsi

Yayin da ruwan yake hawowa daga ƙasan rijiyar, matsi yakan ragu, iskar da ta narke ta fito da siffar ƙananan kumfa, kamar yadda lemon kwalba yake yi idan an buɗe shi. Kumfan sukan maƙale wa gudaji su ɗaga su sama, lakar ta ƙi kwanciya. Saboda haka dole a cire kumfan kafin ruwan ya shiga tankin kwanciya. Wasu matatun kuma sun mai da wannan cikas amfani: sukan narkar da iska a ruwa da gangan ƙarƙashin matsi ninki 4 zuwa 6, su sake shi, lakar ta taso a kwashe ta daga sama.

Idan aka haɗa matsi da zafi, sakin yakan fi tsanani. A dabarar kamfanin Cambi, wadda aka fara aiki da ita a garin Hamar na Norwe a tsakiyar shekarun 1990, akan dafa rarar laka da tururi a kusan digiri 165 da matsi ninki 6 na kimanin rabin awa, sannan a saki matsin farat ɗaya. Ƙwayoyin sukan fashe, kaurin lakar ya ragu, ta yi saurin ruɓewa, ta ba da iskar gas mai yawa.

5.0 Matse Ruwa daga Laka

Kafin a zubar da rarar laka akan matse ta a jikin ƙyalle. A nan ƙarin matsi ba ya haifar da ƙarin ruwa daidai gwargwado, domin gudaji masu taushi ne. Waɗanda ke jikin ƙyallen sukan danne su toshe hanyar ruwan da ke bayansu. Shi ya sa akan gauraya lakar da farar ƙasa ko wasu sinadarai masu haɗa gudaji, sannan a riƙa ƙara matsin sannu a hankali.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa matsi yana ƙara wa laka oksijin, sakinsa yana taso da ita ko ya fasa ƙwayoyinta, yawansa kuma yana hana ta sakin ruwa. Wajibi ne mai tsara matata ya auna matsin da lakar za ta shiga, da kuma yadda za ta fita daga cikinsa.