Kafin Kaka Ta Tafi da Labarin Gida

A watan Afrilun 2020 masu haƙar kabari a Kano suka fara faɗa wa 'yan jarida cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Da watan Yuni ya kama, Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana abin da bincike ya gano: mutum 979 aka lissafa sun rasu a ƙananan hukumomi 8 na birni da kewaye, kuma akasarinsu sun haura shekara 65. An sha muhawara a kan ko korona ce ko ba ita ba ce. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Malaman jami'a da suka rasu a makonnin nan sun bar littattafai da ɗalibai. Tsohuwar da aka ɗauko daga wani lungu a Daurawa, da dattijon da ya shekara hamsin yana sahun gaba a masallacin unguwa a Gyaɗi-Gyaɗi, me suka bari a rubuce? Sai bayan sadakar arba'in, an zauna rabon gado, wani ya ce, “Wai gonar nan ta ƙauye, daga ina iyakarta ta fara?” A kalli juna. Wanda ya sani yana maƙabarta.

Wannan rashi ya fi ciwo a unguwanni irin namu. Wanda ya bi titin Maiduguri yau, ya wuce rukunin gidajen Kundila da shagunan da suka jeru har Hotoro, da wuya ya yarda cewa akwai masu rai da suka yi noman gero da gyaɗa a wannan ƙasa. Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ƙauyuka ne a wajen ganuwa kafin birni ya haɗiye su. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, ma'aikatu da masana'antun Bompai da Sharaɗa suka jawo jama'a, gonaki suka zama filaye, filaye suka zama gidaje. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Tarauni mutum sama da 220,000, a mazaɓu 10 da Daurawa ke cikinsu. Saboda haka gidajenmu iri biyu ne. Akwai 'yan ƙasa, waɗanda kakanninsu suka noma wurin da ake ajiye motoci yanzu. Akwai kuma waɗanda aiki ko kasuwa ko karatu ya kawo iyayensu daga Rano, Gaya, Haɗeja, Katsina ko Damagaram. Jikokin na farko ba su san yadda wurin yake a da ba. Jikokin na biyu kuwa, in ka tambaye su asalinsu, sai su ce “can ƙauye”, wani ma ba zai iya kai kansa ba.

A da ba a buƙatar takarda don wannan. Gida ɗaya ne, zaure ɗaya, kaka da matan 'ya'yanta da jikoki duk a tsakar gida ɗaya, labari yana shiga kunnen yaro ko bai nema ba. Yanzu kowa ya yi aure sai ya kama haya ko ya yi gininsa a wata unguwa, yara ba sa ganin kaka sai da salla ko suna. In sun zo ma, gaisuwa ce a tsaitsaye, a karɓi goron salla a fita.

Ba wai mu mutane ne da ba su san alƙalami ba. Muna da Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda, H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908. Muna da Waƙar Bagauda. Amma waɗannan labarin masu mulki ne: wane ya yi shekara kaza, ya ci gari kaza. In kana son ka ji yadda talaka ya rayu, abin da ya ci, yadda aka yi masa aure, abin da ya tsorata shi, littattafan da za ka samu ba su da yawa, kuma yadda aka same su abin tsayawa a duba ne.

Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram da aka kama bawa, ya samu 'yanci a Kukawa, ya bi Heinrich Barth har Tumbuktu, sannan ya isa Ingila a 1855. A can wani ɗan mishan, J. F. Schön, ya zaunar da shi ya rubuta labarinsa da Hausa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya ƙare rayuwarsa a nan kusa da mu, yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa, ya rasu a 1912. Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858 wanda ya zauna a Salaga da Kete-Krachi a ƙasar Gana ta yau, ya rubuta bayanin sana'o'i da aure da noman Hausawa da ajami, bisa roƙon wani jami'in Jamus, Adam Mischlich. Tarihin rayuwar Alhaji Mahmudu Ƙoƙi, malamin da ya yi aikin ƙamus tare da Bargery, Neil Skinner ne ya tattara ya fitar a 1977. Labarin fataken goro na Agalawa da Tokarawa da suka riƙa zuwa Gwanja, Paul Lovejoy ne ya bi dattawansu da rikoda a 1969 da 1970.

Wadda ta fi taɓa ni a cikinsu ita ce Baba mutuniyar Karo. An haife ta a 1877 a wani ƙauyen ƙasar Kano, zuriyar Barebari manoma kuma malamai. Ba ta yi boko ba, ba ta da sarauta, ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta riƙe 'ya'yan dangi. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, Mary Smith ta riƙa zama da ita tana rubuta abin da take faɗa da Hausa. Baba ta ba da labarin harin masu kama bayi da yadda ake fansar wanda aka kama, da zuwan Turawa, da ƙawance da biki, da zaman kishi, da bori, da yadda mace ke fita daga auren da ba ta so. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Abin da Baba ta sani, dubban sa'o'inta sun san irinsa. Bambancin kawai, an samu wadda ta zauna ta saurare ta. Kuma a duk waɗannan misalai baƙo ne ya zo ya tambaya ko ya roƙa a rubuta. Muna gode musu, amma abin yana yi mini zafi.

Me ya hana mu? Ba lalaci ba ne kawai, akwai kunya. Ɗan fari ba ya zama hira da mahaifiyarsa, ita ma ba ta ko ambatar sunansa. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, sai “Malam” ko “shi”. Ɗa ba zai dubi mahaifinsa ya ce, “Baba, me ya raba ka da matarka ta farko?” ba. Amma al'adar da ta rufe wannan ƙofa ta buɗe wata, wato wasan jika da kaka. Jika zai tambayi abin da ubansa ba zai iya ba, a yi dariya, a ba shi amsa.

Na ga haka a gidan wasu maƙwabtanmu. Wani yaro ɗan sakandare ya zauna a bakin tabarmar kakarsa da littafi, tana gyaran zogale a faifai.

“Hajiya, wace shekara aka kawo ki gidan nan?”

“Kai maigida, ina na san wata shekara? Me za ka yi da tsohon zance?”

“To in ba ki faɗa ba na fasa cefanen.”

Ta yi dariya har ta ajiye faifan. Ta ce abin da ta riƙe shi ne, ana saura kwana kaɗan a canja hannu aka kawo ta, don direban motar amarya yana ta zancen yadda za a yi da titi. Sadakinta kuma da fam aka biya. Ashe ta ba shi shekarar ba ta sani ba. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a Afrilun 1972, naira kuwa ba ta maye gurbin fam ba sai Janairun 1973.

Haka tsofaffinmu ke riƙe lokaci, kuma mai rubutu ya kamata ya san waɗannan turaku. Zuwan Turawa Kano 1903 ne, isowar jirgin ƙasa 1911. Yunwar Kakalaba 1914, ta 'Yar Buhu 1927. Rasuwar Sarki Abdullahi Bayero 1953, zuwan Sarauniyar Ingila 1956, hawan Ado Bayero 1963. Haɗarin jirgin alhazai a filin jirgin Kano Janairun 1973, soke haraji da jangali a zamanin Abubakar Rimi 1979, rikicin Maitatsine Disambar 1980, rasuwar Malam Aminu Kano Afrilun 1983. In tsohuwa ta ce, “Ina goyon Baffanku aka yi Maitatsine,” ka samu shekarun Baffa fiye da yadda takardar rantsuwar kotu za ta ba ka. Sunayen gida ma shaida ne. Duk Abba ko Ummi da ke gidanku, sunan wani babba aka mayar masa aka sakaya, sai a tambaya na wane ne.

Wani zai ce wannan aikin marasa abin yi ne, ana fama da tsadar masara. To a duba zancen shayarwa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, in nonon mace ya isa cikin jariri a shekara biyun farko, ko sau ɗaya ne, ya zama ɗanta, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, aure ya haramta a tsakaninsu. A gidajen da, uwa ta yi rashin lafiya ko ta rasu a wajen haihuwa, kishiya ko matar wa ko maƙwabciya ta ɗauki jaririn ta ba shi nono, ba wanda ya rubuta. Mata biyu ko uku ne suka sani. Mu kuma masu auren zumunci ne. Tun 2024 Jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure, wanda zai nuna ko masu neman auren suna ɗauke da ƙwayar sikila. Babu gwajin da zai nuna wanda ya sha nonon wa. Wannan sai bakin tsohuwa, kuma a ganina ita ce tambayar farko da ya kamata a rubuta amsarta, da sunan wadda ta shayar da na wanda aka shayar da dalilin da ya sa.

Haka zancen gado: wace gona aka saya, wacce aka gada, wacce aro ce ko jingina, su wa suka shaida. Shari'o'in da ke raba 'yan uwa shekara da shekaru sau da yawa a kan abin da dattijo ɗaya zai warware cikin zama guda ne, da yana raye. Haka in ka je Asibitin Malam Aminu Kano likita ya ce, “Akwai mai hawan jini ko ciwon suga a danginku?” Amsa mai kyau tana wajen wanda ya san abin da ya yi ajalin kakanni. Ga kuma zumunci, wanda hadisi ya kwaɗaitar da mu sanin nasaba dominsa. Zumunci a ƙafa yake, amma ƙafa ba ta zuwa gidan da ba ta san da shi ba.

Akwai wurare masu tsauri, kada a ɓoye. Ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936, don haka a gidaje da yawa akwai kakar kaka da aka kawo ba da son ranta ba. Akwai saki, akwai ɗan da ya tafi Sudan a hanyar Makka bai dawo ba, akwai gabar da ba a son tayarwa. Ba a matsa wa tsoho. In ya ce a bar wannan, a bar shi. In ya faɗa ya ce kada ya fita daga gida, amana ce. Abin da ba na goyon baya shi ne gyaran asali, inda kowane gida ke son ya jingina kansa da sarauta ko da Gabas, a share kaka maƙeri ko majemi ko baduku, alhali da guminsa aka gina gidan. Kuma a bi dangin uwa kamar yadda ake bin na uba. Mun saba jero sunayen maza har kaka na biyar, amma sunan mahaifiyar kaka ya gagare mu.

A rubuta da Hausa, da kalmomin mai maganar. In ta ce “adaka” ko “taskira” ko “ahu”, a bar su yadda ta faɗa, kada a mayar da ita 'yar boko. A sa ranar da aka yi hirar da sunan wanda ya ba da labarin, domin gwaggo za ta faɗi nata daban da na kawu, kuma duka biyun suna da amfani. In ta yarda a ɗauki muryarta a waya, madalla, amma kada a tsaya nan. Waya tana faɗawa ruwa, tana lalacewa, kuma duk mazaunin Kano ya san ƙwacen waya. Takarda ma tana da abokan gaba, gara da yoyon damina. Saboda haka littafi mai bango mai tauri, a yi masa kwafi biyu ko uku, ɗaya ya tafi wajen 'yar'uwar da ke aure a wani gari.

A roƙi Hajiya ta buɗe adakar nan da ke ƙarƙashin gado. A ciki za a tarar da rasit ɗin haraji, tsohon fasfon aikin hajji, katin jam'iyya, wasiƙar ajami, wataƙila har kaset ɗin da wani ɗan'uwa ya aiko daga Makka yana gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Hotunan da ke ciki, a ɗauke su ɗai-ɗai tana faɗin su wane ne, ana rubutawa a baya da fensir.

Malaman tarihi da na Hausa a makarantun Tarauni suna iya mayar da wannan aikin hutu: kowane ɗalibi ya kawo shafi biyar daga bakin babban gidansu, ban da abin da gida ya ce sirri ne. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, da ke Gidan Ɗan Hausa, ita kuma ta ware wurin karɓar kwafin duk gidan da ya amince, bisa sharaɗin da gidan ya gindaya na wanda zai karanta da lokacin da za a buɗe.