Noman Tafarnuwa a Cikin Gida a Ƙasar Kaura Namoda

Duk wanda ya ratsa rumfunan 'yan koli da masu kayan yaji a Kasuwar Daji, ya ga yadda matan aure ke aiken yara su sayo tafarnuwa ƙulli-ƙulli domin miya da yajin mai jego, zai yi mamakin yadda abin da kowane gida ke bukata ya zama sai an saya da tsada, alhali kuwa fili kaɗan a gefen rijiya ko bayan ɗaki ya isa ya wadatar da iyali shekara guda. Mutanen wannan yanki ba baƙin lambu ba ne, gama fadamun Gulbin Gagare da ya bi ta Kaura Namoda da Shinkafi, da na Bunsuru da ya bi ta Zurmi, sun daɗe suna ba da albasa da tattasai. Amma tun da fitinar 'yan bindiga ta raba manoma da yawa da gonakinsu na nesa, lalle ne a waiwayi abin da za a iya nomawa cikin katanga, inda mace da tsoho da yaro za su kula da shi cikin aminci.

Sharaɗi na farko, wanda in an saɓa masa sauran wahala ta tashi a banza, shi ne lokaci. Asalin tafarnuwa daga tsakiyar nahiyar Asiya take, ƙasashen sanyi, kuma Allah Ya halicce ta bisa ɗabi'ar cewa sai ta yi ganye cikin ɗari, sa'an nan in zafi ya fara shigowa ta tattara abincin da ganyen ya tara ta mai da shi kai a ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka wanda ya shuka a watan Nuwamba, bayan an kawar da amfanin damina, hunturu na kunno kai, zai tona bayan wata 4 zuwa 5. Wanda kuwa ya yi jinkiri har Janairu, to, zafin bazara zai riski shukarsa tun ganyenta bai cika ba, ya tashi da 'yan ƙananan kawuna marasa auki.

Ba ta da iri irin na albasa, 'ya'yan da ke cikin kan su ne irinta. Sai a zaɓi kai lafiyayye na gida, irin wanda ake nomawa a Wurno da Goronyo ta ƙasar Sakkwato, domin babbar farar nan da ake kawowa daga ƙasar Sin ta saba da sanyin da babu shi a nan, sau da yawa ba ta yin kai yadda ake so. A ɓare shi ranar shuka ba tare da an cire ɓawon 'ya'yan ba, a ware manya domin dasawa, ƙanana su tafi tukunya. A kafta ƙasa ta yi laushi, a gauraya ta da ruɓaɓɓen takin dabbobi da 'yar toka, a ja fangali, a binne kowane ɗa zurfin gaɓar yatsa 2, tsininsa sama, gindinsa ƙasa, tsakaninsa da ɗan'uwansa faɗin tafin hannu.

Saiwarta gajera ce, ba ta nutsawa neman laima, don haka tana son ban ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, amma in ruwa ya kwanta mata sai ta ruɓe; ciyawa kuma da hannu ake cire ta, kada fartanya ta sari kai. Idan ganyen ƙasa ya soma rawaya yana bushewa, a ɗauke ruwa kamar mako 2, a tone, a shanya a inuwa mai iska, a kitse ganyen a rataye.

Game da fa'idarta, magabata sun san ta tun kafin likitocin zamani, har Ibn Sina ya ambace ta cikin littafinsa na ɗibbu. A shekarar 1944 ne wani masani a Amurka, Chester Cavallito, ya ware sinadarin alisin, wanda ba ya samuwa sai an daka ko an yanka, kuma shi ne sababin warinta da ƙarfinta a kan wasu ƙwayoyin cuta. Wannan bai sa ta zama madadin asibiti ba, kuma ina jan kunnen mai hawan jini kada ya bar maganinsa ya dogara da ita. Ta fuskar shari'a kuwa halal ce; abin da ya tabbata cikin Bukhari da Muslim shi ne hana wanda ya ci ta ɗanya kusantar masallaci don kada ya cuci jama'a, kuma Sayyidina Umar ya yi umurni a kashe warinta da dahuwa.

Kafin a soma ci, a fid da kawunan da suka fi girma a rataye su dabam, nesa da laimar damina da hayaƙin murhu, domin su ne irin baɗi.