Daga Kona zuwa Mambilla: Hanyoyin keke da ke jiran mahaya a Taraba

Mazauna Abuja da suka daɗe a aikin gwamnati ba za su manta da marigayi Ojo Maduekwe ba, Ministan Sufuri a zamanin Shugaba Obasanjo, wanda ya riƙa hawa keke zuwa ofis yana kiran ’yan Najeriya su yi koyi da shi, har wata rana mota ta ture shi ya faɗa kwalbati. An yi masa dariya sosai a lokacin. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, dariyar ta ragu, kuma yanzu duk wanda ya fita da sassafe ranar Asabar a Maitama ko Jabi zai ga ayarin mahaya sanye da hular kwano, cikinsu har da daraktoci. Sai dai titunan Abuja ba su da labarin da za su ba mahayi, iyakarsa ya yi gumi ya koma gida. Wanda yake son gumin ya zo tare da tarihi, to ya dubi Jalingo.

Babban birnin na Jihar Taraba yana zaune ne a gindin duwatsu. Ta kudu da gabas tsaunuka ne, ta arewa kuma ƙasa tana gangarawa zuwa kwarin Kogin Binuwai. Ba a zana wa masu keke wata hanya ta musamman ba. Hanyoyin da ake da su su ne waɗanda manoma da ’yan kasuwa suke bi kullum da tsofaffin Raleigh da Phoenix, an ɗaure buhun masara ko doya a kariya. Da waɗannan hanyoyi za a iya tsara tafiya ta rabin wuni, ta kwana biyu, ko ta mako guda.

Mafi kusa ita ce ta Kona, wadda ke bakin gari a kan hanyar da ta nufi Lau. Mai keke zai iya barin masaukinsa bayan asuba ya je ya dawo kafin rana ta take. Tafiyar ba ta da tsawo, amma a nan asalin Jalingo yake. Masarautar Muri ta kafu ne a 1817 a hannun Hamman Ruwa, ɗan’uwan Buba Yero na Gombe, kuma tsohuwar fadarta tana can arewacin Binuwai, a yankin Karim Lamido na yau. Mutanen Kona, waɗanda reshe ne na Jukunawa, sun daɗe suna riƙe da dutsensu, mahayan Muri ba su iya cin su ba. A 1892 wani hafsan sojan ruwan Faransa mai suna Louis Mizon ya hauro Binuwai da jiragensa, yana neman kafa wa ƙasarsa ƙafa a yankin da kamfanin Royal Niger na Turawan Ingila ke cewa nasa ne. Ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Muri Muhammadu Nya, kuma a watan Disamba na shekarar aka kai wa Kona hari da igwar Mizon. Garin ya faɗi, aka kashe mutane, aka kama da yawa bayi. A 1893 Sarki ya kafa sansani a kusa, sansanin da ya zama Jalingo, sunan da a Fulatanci yake ɗauke da ma’anar rinjaye. Mizon kuwa gwamnatinsa ta kira shi gida a wannan shekara bayan Ingila ta yi ƙorafi.

Saboda haka dutse ɗaya ne, amma labarinsa biyu. A fada ana tuna shi a matsayin mafarin birni, a Kona kuma ana tuna shi a matsayin ranar baƙin ciki. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa keke ya fi mota a irin wannan ziyara. Mai mota yakan sauke gilashi ya ɗauki hoto ya wuce. Mai keke dole ya tsaya ya sha ruwa, ya gaida dattawan da ke zaune a inuwa, ya nemi izini kafin ya hau ko’ina, kuma a wurin zaman nan ne zai ji abin da littafin makaranta bai rubuta ba. Dattawan da suka ji labarin daga bakin kakanninsu suna ƙarewa, kuma abin da ba a naɗa ko aka rubuta ba zai tafi tare da su. Wannan aiki ne da ya dace Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa da Jami’ar Jihar Taraba su haɗa hannu a kansa, da sharaɗin a bar kowane ɓangare ya faɗi nasa da bakinsa.

Wanda ya zarce zuwa Lau zai isa gaɓar Binuwai, kogin da jirgin Pleiad ya hauro a 1854 ƙarƙashin William Baikie, tare da Samuel Ajayi Crowther a cikin tawagar, har suka kai ziyara Muri. An fi tuna tafiyar da cewa sun riƙa shan kwinin, kuma zazzaɓi bai kashe musu ko mutum ɗaya ba, abin da ya buɗe wa Turawa ƙofar kogunan ƙasar nan.

Hanya ta biyu ta nufi ƙasar Mumuye, wato Yorro da Zing. Nan ƙafa za ta fara sanin an zo Taraba. Hawa da gangara ne ba hutawa, tsakanin duwatsun da aka noma gefensu, da kunyoyin doya manya-manya waɗanda suka sa sunan Zing ya shiga kasuwannin Arewa. Mumuye sun yi fice wajen sassaƙa gumakan itace masu dogon wuya da lanƙwasassun hannuwa. Yawancinsu sun fice daga ƙasar nan tun shekarun 1960, kuma yau ya fi sauƙi a gan su a gidajen tarihi na Turai da Amurka fiye da a Jalingo. Wasu duwatsun yankin wurare ne na al’ada da ba a yarda baƙo ya taka ba, don haka kada wanda ya zo daga Abuja ya ɗauka katin shaidar ofis zai buɗe masa kowace hanya. A fara da gaisuwa wurin mai gari, a ɗauki ɗan rakiya daga cikin matasan wurin, a biya shi haƙƙinsa.

Babbar tafiya kuwa ita ce ta kudu, zuwa tsaunin Mambilla. Daga Jalingo a bi ta Sunkani da Garba Chede zuwa Bali a bakin Kogin Taraba, daga nan sai Serti, inda hedikwatar Gandun Dajin Gashaka Gumti take. An kafa gandun a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar daga tsohuwar Gongola, kuma shi ne mafi girma a Najeriya, da faɗin da ya haura murabba’in kilomita 6,000. A cikinsa ne Chappal Waddi yake, tsauni mafi tsawo a ƙasar nan, mai mita 2,419. A kusa da ƙauyen Gashaka akwai kufan ganuwar sojan Jamus, shaidar lokacin da yankin yake cikin Kamaru ta Jamusawa kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Yankin bai zama cikakken ɓangaren Najeriya ba sai bayan ƙuri’ar raba gardama ta Fabrairun 1961, inda ya shigo ranar 1 ga Yuni aka sa masa suna Lardin Sardauna. Ƙaramar Hukumar Sardauna mai hedikwata a Gembu ta gaji sunan.

Daga Mayo Selbe hanya take miƙewa sama. Kwana ce bayan kwana, dutse a gefe guda, rami a ɗaya gefen, har sai an ɗaga fiye da mita 1,000. Mahayin da bai saba ba zai sauka ya tura kekensa, kuma babu abin kunya a ciki, domin manyan motoci ma da kyar suke numfashi a wurin. Da an kai Maisamari sai a ga kamar an shiga wata ƙasa: tuddai masu ciyawa iya ganin ido, shanu suna kiwo, ga sanyin da zai sa mutum ya nemi rigar da ya yi tunanin ba zai buƙata ba. Daga nan akwai dajin Ngel Nyaki kusa da Yelwa, inda masu bincike ke nazarin itatuwan tsauni, da garin Nguroje, da gonakin shayi na Kakara. (Masu karatu da ke Ma’aikatar Wutar Lantarki sun san sunan Mambilla a fayil, ta dalilin tashar megawat 3,050 da aka shafe shekaru ana magana a kanta. Zai yi kyau su ga wurin da idonsu.)

Ba za a ɓoye matsalar tsaro ba. An sha samun garkuwa da mutane a ƙauyukan da ke kewaye da Jalingo da kan hanyoyin kudancin jihar, kuma tsaunin Mambilla ya ga mummunan rikici a 2017. Babu mai hankalin da zai ba baƙo shawarar ya ɗauki keke shi kaɗai ya shiga daji. Tafiya a ayari, da rana, da motar rakiya, da tuntuɓar jami’an tsaro da masu sarauta kafin a tashi, su ne sharaɗin farko. Tituna ma suna da nasu ciwon: gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari ta karye a daminar 2024, ta bar matafiya suna tsallakawa a kwale-kwale. Hanyar tarayya ce, kuma takardunta a kan teburan Abuja suke.

Ruwanda ta nuna abin da keke zai iya yi wa ƙasa mai tuddai. Ta buɗe hanyar Congo Nile mai tsawon kilomita 227 a gefen Tafkin Kivu, ƙauyuka suna cin abinci daga masauki da rakiya, kuma a Satumbar 2025 Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a Afirka. Mu kuwa a gasar Olamfik ta Faris a 2024, sai da ’yar wasanmu Ese Ukpeseraye ta ari keke daga tawagar Jamus kafin ta shiga wani tsere. Abin da Taraba ke buƙata don farawa bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba: alluna a wuraren tarihi, taswira mai nuna inda ruwa da masauki suke, da horar da ’yan rakiya.

Ga ma’aikacin da ke tunanin inda zai kai hutunsa na shekara, lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, bayan ruwa ya ɗauke kuma kafin zafin Maris ya sauko kwarin Binuwai. A zo da keke mai giya da birki mai kyau, domin gangarar Mayo Selbe ta fi hawanta haɗari. Masu faci ba sa wuya a garuruwan hanya, amma kayan kekunan zamani ba lallai a same su ba, don haka tub biyu, famfo da ’yar sarƙa ta ajiya su shiga jaka tun daga Abuja.