Canjin Fulogi A Gida: Abin Da Ya Kamata Mai Mota Ya Sani

Ma'aikacin da aka tura aiki Anka ko Gummi, ko kuwa ƙauyukan Bukkuyum irin su 'Yargalma, ya san cewa idan mota ta fara cijewa, tafiya Gusau neman ƙwararren makanike aiki ne na yini guda. Sau da yawa kuwa abin da ya jawo wahalar bai wuce fulogi ba, watau ɗan ƙarfen nan da ke ba da tartsatsin da ke kunna mai a cikin silinda.

Tun daga ran 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, wannan magana ta zama ta aljihu. Fulogin da ya gaji ba ya ƙone mai sosai, sai mota ta riƙa rawa a tsaye, ta yi nauyin tashi da safe, ta kuma sha mai fiye da ƙa'ida. Fulogi na gama-gari yakan yi kamar kilomita 30,000, na iridiyam kuwa yakan kai 100,000.

Wahalar kaiwa ga fulogi ba sabuwa ba ce. Waɗanda suka riƙe Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, suna tune da yadda fulogoginta ke can ƙasan rami mai zurfi, sai da doguwar sifana. A yau matsalar ta fi tsanani ga motoci masu silinda shida irin Toyota Sienna da Camry, waɗanda injinsu ke kwance a gicciye. Uku na gaba suna fili, amma uku na baya suna ɓoye ƙarƙashin manifol, watau bututun da ke kai iska cikin inji. Saboda haka wasu sukan canja na gaba kawai su bar na baya, alhali kuwa duk shidan tare suka tsufa.

Wanda ya yi niyyar aikin da kansa, ya fara da safe lokacin da inji ya kwana ya huce. Kan injin motocin zamani na alminiyam ne, kuma kwance fulogi da zafi yana iya cinye tiredin ramin. Ya cire wayar batir, ya tanadi soket na fulogi mai milimita 16 da hannunsa dogo da gwiwa mai lanƙwasa. Idan ya zama tilas a ɗaga manifol, a ɗauki hoton kowace waya da tiyo kafin a cire, a toshe bakunan da suka buɗe da tsumma mai tsabta, a kuma tanadi sabon gasket.

A ƙasarmu mai ƙura, musamman da hunturu, wajibi ne a hure ramin da famfon taya kafin a kwance tsohon fulogi, domin tsakuwa ɗaya da ta faɗa silinda ta isa ta karce shi. A riƙa canjawa ɗaya bayan ɗaya don kada wayoyi su rikice.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen ɗaurawa. A cusa kan sabon fulogi a guntun tiyo, a zura shi a rami, a murɗa da yatsu. Idan ya hau a karkace, tiyon zai zame maimakon ya lalata tiredi. Sai ya zauna sarai sannan a sa sifana a ƙara kamar rabin zagaye. Ƙarfi fiye da haka yakan kai ga sauke kan inji, kuɗinsa kuwa ya ninka na fulogi sau da yawa.

Haka kuma a yi hattara da jabu, domin ana kwaikwayon NGK da Denso ƙwarai a kasuwa. A duba lambar da littafin mota ya ambata, a saya a wurin wanda aka amince da shi.

Tsohon fulogi ma yana da labari. Baki mai launin ƙasa alamar lafiya ce, baƙin toka yana nuna mai ya yi yawa, jiƙewa da baƙin mai kuwa yana nufin ciwon yana cikin inji. Idan aka ga haka, ko kuwa fulogi ya ƙi motsi, to, a dakata a nemi makanike. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.